Lakar da Ido Ba Ya Gani

Shekara tara na yi ina tuƙa wa mutane jiragen kamun kifi a bakin tekun wasu ƙasashe. Na dawo gida da jaka ɗaya da ciwon baya, na tarar an shimfiɗa wa layinmu kwalta, an mayar da ɗakina ma'ajiyar karyayyun kujeru, yayana kuma ya zama Farfesa. Kwaltar dai na san waɗanda suka yi ta. Farfesancin ne har yau ban gano wanda ya ba shi ba. Lokacin da na tafi, ƙaramin ma'aikaci ne a hukumar ruwan sha, yana cika littafi da lambobi. Da na dawo yana nan a kan teburin nan, sai dai ya ƙara tumbi da tabarau da biro uku a aljihun gaba, kuma ko gajiya zai tambaye ka sai ya haɗa da "a kimiyyance".

Kwana goma na yi ina zagaye tsakar gida kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai, har Mama ta ce, "Auta, ko ka zauna ko ka fita, jiri kake sa ni." A ranar ce, Litinin da yamma, Yaya ya shigo rungume da wani akwati kamar wanda aka ba shi jinjiri.

Sashen da yake aiki shi ne na awon kogi. Aikinsu ɗaya ne: su gaya wa masu famfo yawan lakar da kogi ke ɗauke da ita, domin in ta yi yawa a rufe ƙofar da ke jawo ruwa, kada ta toshe matatun. Shekara talatin wani dattijo da ake kira Baba Mai Kwalba ke wannan awo. Ya zura kwalba da igiya, ya tace ruwan a takarda, ya busar da takardar a tanda, ya ɗora ta a sikeli. Kwana biyu kafin a sami amsa. To shugaban sashen ya yi ritaya, kujerarsa ba kowa, kuma ranar Alhamis Darakta za ta zo ta zaɓi wanda zai hau, tsakanin Baba Mai Kwalba da yayana. Yaya kuwa tuni ya gama sanar da layinmu cewa kujerar tasa ce, zama kawai ya rage.

"Matso, Auta," in ji shi, "ka ga abin da yawon duniyarka bai nuna maka ba."

Ya buɗe akwatin. Wani baƙin abu ne kamar babban gwangwanin madara, da doguwar waya da ta haɗa shi da wani ɗan allo mai nuna lambobi. Wata shida na'urar ta yi a sito tana jiran wanda zai zo ya koyar da ita, bai zo ba. Akwai littafinta mai shafi ɗari biyu. Yaya ya karanta biyun farko, sauran ya kalli hotuna.

"A kimiyyance," ya ce yana gyara tabarau, "sauti take harbawa cikin ruwa, siriri ƙwarai, kunnen ɗan Adam ba ya jin sa. Sautin ya bugi ƙwayar laka ya dawo mata. In lakar da yawa, amsa-kuwwar ta yi ƙarfi, in kaɗan ce ta yi rauni. Abin da tsohon nan ke yi a kwana biyu, ni kafin ka ƙifta ido."

Mama ta ce, "To tunda ba a jin sautin, wa ya ce maka ta yi?"

"Mama, ilimi ne."

Matar Yaya, wadda nake kira Anti, nas ce a wani asibitin haihuwa. Ta leƙo daga kicin ta ce, "Ashe irin tamu ce ta hoton ciki."

"Taki ciki ɗaya take dubawa. Wannan kogi guda."

Aka ce za a yi gwaji. Yaya ya zaɓi babban duron da Mama ke tara ruwa saboda tsaro, ya fita da bokiti ya ɗebo yashi a tarin da maƙwabcinmu Tela ya zube don ƙara ɗaki. Tela ya biyo yashinsa har cikin gida da tef a wuya. Mai Wanki na ƙarshen layi ya ga Tela ya shiga da sauri, shi ma ya biyo, don ba ya son a ba shi labari.

Yaya ya juye yashin a duro, ya zura na'urar, ya danna. Yashi ya yi abin da yashi ya saba yi tun da aka halicce shi, ya nutse ƙasa ya kwanta. Allo ya nuna goma sha biyu.

"Goma sha biyu na mene ne?" in ji Tela.

"Miligiram a kowace lita."

"Ni dai bokiti guda aka ɗebar mini."

Yaya ya bubbuga allon. Ya girgiza wayar. Ya cire tabarau ya mayar. Sai ya shiga kicin ya fito da muciyar Mama ya fara juya ruwan. Lamba ta tashi ɗari huɗu. Idonsa ya yi haske. Ya tattare hannun riga ya shiga kaɗa ruwan nan kamar wanda ke da tsohuwar gaba da shi, har saman duron ya yi fari fat da kumfa. Dubu biyu. Dubu huɗu. Dubu shida.

"Kun gani?" ya ce yana haki. "Na gano sirrinta, abin da ko littafin bai faɗa ba. Ba ta son ruwa mai kasala. Sai an motsa mata."

Anti ta matso ta leƙa. "Maigida, wannan fa kumfa take gani. Wannan sautin da iska ba sa ga maciji. Me kake tsammani ya sa muke shafa wa mata jel a ciki kafin mu ɗora tamu? Don kada iska ta shiga tsakani."

"Kogi ba mai juna biyu ba ne."

"Allah Ya ba ka haƙuri, Farfesa."

Ni kuma ina gefe ina buɗa littafin, sai na ci karo da shafin da aka zana kwalba da sikeli. Na ce, "Yaya, nan an ce sai an yi ta gwada amsarta da awon kwalba, sau da yawa, kafin a yarda da lambar da ta bayar."

Ya fizge littafin. "So kake in je in durƙusa wa Baba Mai Kwalba ya ara mini kwalba? A makon da zan yi jana'izar kwalbar?"

Ya koma kaɗawa don Mai Wanki ya gani da kyau. A nan ne muciya ta karye, Yaya ya tafi da nauyinsa duka a kan bakin duron, duro ya kife. Ruwan kwana uku ya bi ta ƙafafunmu ya fita waje, ya bar wa Tela yashinsa a cikin takalmi.

Mama ta kalli duron. Sannan ta ce, "Wanda ya tafi yawo ya dawo da hankalinsa, wanda ya zauna a gabana nasa ya yi tafiya."

Ranar Laraba da safe aka yi gwajin ƙarshe a kogi. Hukumar na da ƙaramin jirgi mai inji a baya, amma direbansa ya kwanta rashin lafiya, don haka aka tuna cewa ni ma ɗan gidan ne. Na yi murna, don ƙafata ta gaji da siminti.

Tsakiyar rani ne. Ruwan ya ja baya, ya kwanta garau, kana hango duwatsun ƙasa da ƙananan kifi suna wucewa. Yaya ya ɗaure na'urar a jikin wata sanda, ya ɗaure sandar a bayan jirgi, taƙi ɗaya tsakaninta da farfelar injin.

Na ce, "Yaya, nan ne fa farfela ke tafasa ruwa."

"Shi ya sa na zaɓi wurin. Muciya ce da ba ta karyewa."

"Anti ta ce kumfa..."

"Kai direba ne, Auta. Riƙe abin da aka ba ka."

Na riƙe abin da aka ba ni. Na ja igiyar inji, muka yanka tsakiyar kogi, farfela na barin farar hanya a bayanmu. Yaya ya danna. Na ga ya ƙura wa allon ido, ya goge shi da gefen riga, ya sake dubawa.

"Dubu tara da ɗari huɗu," ya ce a hankali. "Auta, ka san mafi girman lambar da tsohon nan ya taɓa rubutawa? Dubu huɗu, shekarar da ambaliya ta tafi da gada. Mun ninka ambaliya."

Na leƙa ruwan. Wani kifi ya leƙo ni.

"Yaya, ga ƙasan kogi can ina gani."

"Da ido kake gani. Wannan ita ce lakar da ido ba ya gani, kuma ita ta fi haɗari. Shekara talatin mutanen garin nan suna shan ta, kwalba na ce musu lafiya lau."

Sau uku muka tsallaka muka dawo. Duk lokacin da zan rage gudu don mu juya, sai ya kashe na'urar, wai kada batir ya tafi a banza. Saboda haka ba ta taɓa ganin kogin nan a zaune ba.

A hukumar akwai doka: idan awo ya haura dubu uku, wani ma'aikacin sashen ya cika jar takarda ya sa hannu, masu famfo su rufe ƙofar ruwa nan take, ba tambaya. An yi dokar ne don ranakun ambaliya, lokacin da jiran manya zai iya cinye matatun. Ba shugaba a sashen, Baba Mai Kwalba kuma yana can ɗakin gwaji yana gadin tandarsa. Yaya ya cika jar takarda a kan gwiwarsa, muka nufi ɗakin injuna.

Mai Famfo wani ƙato ne mai auduga a kunne saboda ƙarar injuna. Ya cire audugar, ya karanta takardar, ya je taga ya kalli kogin, ya dawo ya sake karantawa.

"Farfesa, wane kogin ka auna?"

"Wanda ke gabanka."

"Wannan da nake hango ƙwaryar da ta faɗa mini tun makon jiya a ƙasansa?"

"Takarda ta ce dubu nawa?"

"Tara."

"Doka ta ce me?"

Mai Famfo ya mayar da audugarsa. "Hannunka ne a jiki, ba nawa ba." Ya kama ƙaton sitiyarin ƙarfen ya fara murzawa. Injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, Yaya na tsaye da hannu a ƙugu kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

Kafin la'asar famfunan layinmu suka fara tari, suka tofar da iska, suka mutu. Wani mai hankali da sai ya shige ɗaki ya ja labule. Yayana wanka ya so yi ya sa sabuwar riga, da bai sami ruwan wankan ba sai ya sa rigar haka, ya fito yana bin layi gida gida yana karɓar godiya.

Mai Wanki ya tare shi da kumfa har gwiwar hannu. "Farfesa, zanen gado arba'in na otal na jiƙa da sabulu. Da me zan ɗauraye?"

"Ka gode wa Allah. Da ka ɗauraye da laka."

"Shekara ashirin ina ɗauraya da ita, farin kaya na fita fari."

"A ido."

"To da ƙafa ake duba wanki?"

Mai aski ya fito ƙofar shago, bayansa wani mutum da rabin fuska a cikin sabulu yana tambaya wa ya mutu. Tela ya ce shi ba abin da ya dame shi, yashi kawai yake roƙo a bar masa. A gida kuwa Mama na zaune kusa da busasshen duronta, ta bi Yaya da ido har ya shige ɗaki. Anti ta dawo daga aiki ta ce a asibitinsu da jarka ake ta jigilar ruwa.

"Tarihi zai wanke ni," in ji Yaya daga ciki.

"Gara tarihin," ta ce, "don famfo kam ba zai wanke ka ba."

Alhamis da hantsi muka isa bakin kogi, muka tarar rabin gari ya riga mu. Ba kallon kimiyya suka zo ba. Bokitai ne da jarkoki da robobin wanka, mata da maza, kowa na ɗibar lakar da ido ba ya gani yana ɗorawa a ka. Mai Wanki ya baje zanen gadonsa a kan duwatsu. Anti na cikin layi da bokiti biyu. Yaya ya dubi taron ya gyara wuyan riga.

"Ka ga jama'a, Auta? Labari ya bazu."

Motar Darakta ta tsaya. Wata 'yar ƙaramar mace ce mai magana a hankali, irin waɗanda in suka yi shiru sai ka fara tuno laifuffukanka. Jar takardar na hannunta. Baba Mai Kwalba na biye da ita, da tsohuwar jakarsa a kafaɗa, yana ɗingishi saboda gwiwa.

"Kai ne ka sa hannu a nan?" ta ce wa Yaya.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Ba sai an gode mini ba, aikina na yi."

"Da ruwan roba na wanke fuska yau," ta ce. "Mijina ko hakan bai samu ba. Jiya ina hanya aka kira ni, na ce kada a buɗe sai na gani da idona, don in lambar nan gaskiya ce, matatunmu sun tafi. Baba, kai me ka samu?"

"Awon Litinin ne ya fito jiya, ranki ya daɗe. Ashirin da takwas."

"Dubu ashirin da takwas?" in ji Yaya da sauri.

"Ashirin da takwas, ɗana. Ba dubu."

Yaya ya yi dariyar tausayi. "Ranki ya daɗe, kada a ga laifinsa. Kwalba iyakar abin da ya shiga bakinta ta sani. Bismillah, shigo ki ga zamani."

Muka shiga jirgi mu huɗu. Na ja igiya, muka tashi. Yaya ya danna, ya miƙa mata allon da hannu biyu. Dubu tara da ɗari ɗaya. Ya fara bayani da ƙarfi yadda na bakin gaɓa za su ji: yadda sauti ke tafiya, yadda yake dawowa, yadda shi da kansa ya gano abin da masu ƙera na'urar suka manta ba su rubuta ba. Darakta na kallon allo, tana kallon ruwa, tana kallon farar hanyar da ke bayanmu.

Wani kututture ya taso a gabanmu, na rage gudu don in kauce. Lamba ta sauko dubu biyar.

"Me ya faru?" in ji ta.

"Mun fita daga wani tudun laka ne, ranki ya daɗe. Ayari ayari take tafiya."

Na ƙara wuta. Dubu tara.

"Ga wani ayarin," in ji Yaya.

"Direba," ta ce, "koma kusa da gaɓa ka tsaya. Ina so in ga ayarin nan da kyau."

Na juya, na kawo mu daf da masu ɗibar ruwa, na kashe inji. Yaya ya kai hannu zai kashe na'urar. "Batir, ranki ya daɗe..."

"Bar ta."

Kumfar bayan jirgi ta watse. Dubu uku. Ɗari takwas. Ɗari da goma. Lambar ta yi ta gangarowa kamar mai saukowa daga bene, ta zo talatin da ɗaya ta zauna. Baba Mai Kwalba ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya mayar da idonsa kan igiyarsa.

"Ta wuce," in ji Yaya. "Lakar ta wuce. Allah Ya taimake mu mun rufe ƙofa a kan lokaci."

"Direba, tayar da injin. Kada ka motsa daga nan."

Na ɗaure jirgin a wani turke, na tayar. Farfela ta tafasa ruwa. Darakta ta karanta da ƙarfi, "Dubu takwas da ɗari tara. Kashe." Na kashe. "Talatin da uku. Tayar."

A karo na uku mutanen gaɓa sun gane wasan. Ina jan igiya Tela ya ɗaga bokiti sama ya yi ihu, "Laka ta zo!" Ina kashewa Mai Wanki ya amsa daga kan duwatsu, "Laka ta tafi!" Kafin karo na biyar gaɓar duka ta ɗauka, har da mutumin nan na shagon aski, wanda ya zo da rabin gemunsa.

Darakta ta juya ga Yaya. "Garin nan ya kwana ba ruwa saboda ka auna injin jirgi."

"Ranki ya daɗe, a kimiyyance..."

"Ba wanda ya gaya maka kumfa na mayar da wannan sautin fiye da laka?"

Na sunkuyar da kai ina duba igiyar inji, don ɗan'uwa ɗan'uwa ne. Amma daga gaɓa muryar Anti ta taso, sarai kamar ƙararrawa: "An gaya masa, ranki ya daɗe. Ya ce kogi ba mai juna biyu ba ne."

Nan Yaya ya ga kujera na tafiya da ƙafafunta huɗu. Ya wawuri filafilin jirgi. "Injin ne ya yi mata yawa. Da hannu ake motsa mata, daidai gwargwado. Ki duba allon, ranki ya daɗe, ki duba!" Ya leƙa bayan jirgi ya shiga kaɗa ruwa. Na ce, "Yaya, nauyinka." Baba ya ce, "Ɗana, a hankali." Tumbi ya riga shi yanke shawara. Ƙafafunsa suka yi sama, muka ji tsulum.

Wurin bai kai a nutse ba, iyakarsa ƙirji. Amma a gefen gaɓa, ƙarƙashin ruwan nan mai kyau, akwai taɓon da ya shekara yana barci, kuma a ciki Yaya ya dasa ƙafafunsa biyu. Ya ja ta dama, ta hagu ta lume. Ya ja ta hagu, takalmi ya zauna. Ya yi ta tumurmusa yana kiran sunayen Allah, ruwa ya juye ja, sannan baƙi, ya game bayan jirgin duka. Masu ɗiba suka janye bokitansu suna Allah Ya isa.

Darakta ta dubi allo. "Dubu biyu da ɗari bakwai."

Baba Mai Kwalba ya buɗe jakarsa ba gaggawa, ya zura kwalba a gefen kafaɗar Yaya, ya jawo ta, ya ɗaga ta a rana. Ba ka ganin komai ta cikinta.

"Wannan kam gaskiya ta faɗa, ranki ya daɗe," ya ce. "Na'urar lafiyarta ƙalau."

Ni da Mai Wanki muka ciro Yaya, ba takalmi, ba tabarau, biro ɗaya ya tsira. Darakta ta kira Mai Famfo a waya ta ce ya buɗe ƙofa. Da aka ji injuna sun tashi daga nesa, gaɓa ta ɗauki tafi, Yaya har ya fara ɗaga hannu kafin ya gane ba shi ake yi wa ba.

A nan bakin ruwa ta gama maganar kujera. "Baba, daga yau sashen na hannunka. Na'urar nan a mayar da ita sito."

"A'a, ranki ya daɗe, kada a mayar," in ji Baba. "Ni na fi kowa son ta. Gwiwata ta gaji, kuma ranar ambaliya kwana biyu ya yi yawa a jira amsa. Sai dai a koya mata kogin nan tukuna. A kafa ta inda ruwa ke tafiya da kansa, duk lambar da ta bayar a ɗebi kwalba a wurin a gwada, rani da damina, kamar sau sittin. Daga nan sai ta san lakarmu."

"Wa zai ɗebi kwalba sittin, kai kana ofis?"

Baba ya naɗe igiyar a jikin kwalbar, a tsanake, ya juya ya miƙa wa yayana da ke ɗigar da taɓo.

"A riƙe ta ta wuya, ɗana. Tana da santsi."

Kwana biyu Yaya bai fito layi ba. Na ɗauka an gama. A rana ta uku da safe ya fito da sabon tabarau, kwalba a rataye a kafaɗa, ni ina biye da shi da jarkar man jirgi. Tela na zaune a ƙofar shagonsa, Mai Wanki na tsaye yana shan shayi.

"Farfesa, barka da fitowa," in ji Tela. "Ya kujera?"

"Na bar wa tsoho. Zaman ofis na masu ciwon gwiwa ne, mai bincike a bakin ruwa ake samun sa." Ya tsaya ya gyara igiyar. "Kuma abin da ba ku gane ba, da gangan na yi. Da ban ɗaure ta kusa da farfela ba, wa zai san kumfa na ruɗa ta? Sai an zo ranar ambaliya a rasa gaskiya. Gwaji ne, a kimiyyance, kuma ya yi nasara."

Mai Wanki ya ajiye kofinsa. "To Farfesa, don girman Allah, in za ka sake wani gwajin, ka gaya mana tun da wuri mu cika robobi."

Yaya ya ɗan yi tunani, ya taɓa biron da ya rage masa.

"Za a sanar da ku a rubuce," ya ce.